Hannun da Ba a Gaisawa da Shi

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

An samu babur ɗin Ishaku a gefen hanyar Rido, jingine da turken wuta, makulli a jiki, mai a tanki. Babu jini, babu alamar karo. Wata mai sayar da mangwaro ce ta gane shi daga hoton da muka watsa, ta kira matarsa Martha.

Abin da aka tabbatar ke nan. Ƙanena ya tashi daga aiki a siton kamfaninsu na Kudenda ranar Asabar da yamma, ya ce wa matarsa zai biya ta Kakuri ya sayo maganin sauro, bai iso gida ba. Wayarsa a kashe. Rido ba hanyarsa ba ce.

Shekara ashirin da wani abu ina gyara labaran mutane a teburin jarida. Na sha goge "an ce" in rubuta a gefe: wa ya ce? Yau ni ce ke yawo da "an ce" cike da baki.

Litinin, da la'asar

Mun kai rahoto, an rubuta. An ce mu koma gida mu jira, wai masu ɗauka sukan kira.

Talata, 7 ga Mayu, da safe

Ba su kira ba. Da masu neman fansa ne, da sun kira.

Jaridarmu, Tsallake, tana fita duk Juma'a. Shekara huɗu ke nan shafinta na baya na Tartsatsi ne: labarin zane na wani mai facin taya da kowa ke rainawa, wanda in zalunci ya yi yawa sai ya rufe fuska da kwanon masu walda ya fito. A ƙasan shafin ana sa suna ɗaya, Tagwai. Masu karatu suna rubuto wa "Malam Tagwai". Mutanen hayin arewa na kogi sun rantse nasu ne saboda Hausarsa, na hayin kudu sun rantse nasu ne saboda ya san kowane kwalbati a Kakuri. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurari abin da sunan yake faɗa.

A fitowar Juma'ar da ta wuce, Tartsatsi ya fizge hular Ciyaman da baƙin gilashinsa, mugun da aka daɗe ana nuno shi ta ƙeya kawai. Fuskar da ta bayyana ta yi kama da fuskar wani babba a garin nan. Har da tabon gefen kunne.

Ishaku ne ke kai ambulan ɗin shafin maɗaba'ar Cyril duk Laraba. Wannan duk layin sun sha gani.

Mama ta kira daga Zonkwa. Na ce an tura shi Legas rakiyar kaya, waya ba ta kamawa a hanya. Ta ce in gaya masa ya daina shan ruwan sanyi.

Laraba, 8 ga Mayu, da azahar

Cyril ya zo ofis da kansa, hannu duk tawada. Tare suka tashi da Ishaku. Mahaifinsa ne ke da teburin tsofaffin littattafai a kasuwar Kakuri sa'ad da masaƙu ke aiki.

"Anti Diana, shafin baya fa? Inji yana jira."

"Saka tallan katifa."

"Katifa? A wurin Tartsatsi? Abeg, Anti, da ruɓaɓɓen tumatir za su jefe ni."

"Saka, Cyril."

Ya tsaya yana kallon kujerar da Ishaku ke zama in ya biyo. Ya ce ya kunna kyandir a cocinsu. Bai tambaye ni komai ba. Shekara huɗu bai tambaya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Martha ta wanke kayan aikinsa, ta goge, ta rataye. Ruwa ya sauko, na farko mai ƙarfi a bana.

Juma'a, 10 ga Mayu, da hantsi

Jarida ta fito da katifa a baya.

Asabar, 11 ga Mayu, da la'asar

Baba Dauda ya zo. Abokin aikin mahaifinmu ne a masaƙa, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, yanzu gyaran rediyo yake yi, kuma ba gidan da ba ya shiga a garin nan. Yakan ce sunansa ne fasfonsa: a hayin can Dauda, a hayin nan Dauda, ba mai tambayarsa inda yake ibada.

Bai ko karɓi ruwa ba. Ya ajiye jaridar a kan tebur, bayanta a sama.

"'Yar abokina, da iliminki kika yi wannan?"

"Babu shafi, Baba."

"An ɗauke mutum ranar Asabar, Juma'a zane ya ɗauke. Ko jinjiri ya haɗa wannan. Da suna zargi ne, yanzu kin buga musu shaida, kin sayar a kan titi."

Na tambaye shi ko yana da rai. Ya ce yana shan ruwa. Na ce wa ya gaya masa.

"Ke da tambayarki ta 'yan jarida. Wanda ya gaya wa wanda ya gaya mini ba ya son a san yana da baki."

Na raka shi bakin ƙofa. Daidai ya faɗa. Ni na ce a saka katifa.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan sujada

An yi masa addu'a a coci da sunansa. Na kasa cewa amin da ƙarfi, ban san dalili ba.

Da na dawo na jawo akwatin ƙarfen Babanmu daga ƙarƙashin gado. Littattafan suna nan, sun yi rawaya, wasu ba bango. Baba zanen atamfa yake yi a masaƙa, kuma duk ƙarshen wata sai ya dawo da littafin zane ɗaya ko biyu daga teburin mahaifin Cyril, irin na Turawan nan masu jarumai da alkyabba da abin rufe fuska. Ya ce don layi yake sayensu, ba don labari ba. Mu kuwa labarin ne ya kama mu. Ni na fara iya Turanci, don haka ni ke karantawa, Ishaku yana kwance rubda ciki yana kwaikwayon zanen a bayan kalanda.

Na daɗe ina ɗauka cewa jarumin yana rufe fuska don ya ba maƙiya tsoro. Sai da na girma na lura kusan kowannensu yana da tsohuwa a gida, ko ƙanwa, ko mata. Don su ake rufe fuskar.

Akwai dabara ɗaya da dukansu suka yi ta maimaitawa, kamfani daban-daban, shekaru daban-daban. Wani ya fara zargin cewa wannan salihin mutumin shi ne jarumin. Sai a zaunar da shi gaban jama'a, ana tsare da shi, ana jira. Can sai ga jarumin ya gifta ta taga cikin kayansa. Aboki ne ya sa kayan. Zargi ya mutu.

Ishaku yakan yi fushi da wannan. "Yaya, ba su ga tsayin ya bambanta ba?"

Nakan ce, mutane riga suke kallo.

Mu biyu Baba ya koya wa riƙe fensir. Ni na ajiye nawa tun ina aji uku na sakandare.

Litinin, 13 ga Mayu, da safe

Na ce wa ofis zazzaɓi nake. Na karɓo makullin ɗan ɗakin da ke bayan gidansu daga hannun Martha. Ba ta tambaye ni ba, ta dai bi hannuna da kallo.

Tawadarsa, alƙalumansa, tsofaffin shafuka a cikin leda. Komai yana gefen hagu na tebur.

Wannan ma sai na rubuta shi, don komai ya rataya a kansa. Bahago aka haife shi. Malamin aji ɗaya ya dake shi da rula har faratansa suka yi baƙi, kakarmu ta ɗaure hannun da tsumma lokacin cin tuwo. Baba bai hana su ba. Ya kira shi ɗaki ya ce masa, dama ta mutane ce, ba su ita. Hagu taka ce, ɓoye ta. Tun daga nan da dama yake ci, da ita yake gaisawa, da ita yake rubutu da sa hannu a sito. Da dama ko kaza ba ya iya zanawa. Hagu kuwa sai an rufe ƙofa. Martha ma sai da suka shekara da aure ta gani.

In sun miƙa masa biro, Allah sa ya karɓa da hannun mutane.

Litinin, da yamma

Na tsara labarin, kamar yadda na saba tsara masa duk mako. Gajere, ba faɗa. Tartsatsi ya tsince hular, ya kaɗe ta, ya je ya mayar wa Ciyaman. Ciyaman ta ƙeya kawai, kamar dā, ba fuska. Tartsatsi ya ɗan rusuna ya ce: "Ga hularka, ranka ya daɗe. Iska ce."

Abu biyu nake so shafin ya faɗa. Tagwai yana waje. Tagwai ya janye.

Ban taɓa rubuta layin da na ji kunyarsa kamar wannan ba. Ba kunyata ce a hannunsu ba.

Talata, 14 ga Mayu, da la'asar

Kwanon walda yana da sauƙi, shi ya sa ya zaɓe shi. Hannuwa ne wahala. Na yaga takarda har kwando ya cika, daga baya ya fara kama.

Sai na jera nawa da nasa a ƙasa na tsaya a kansu, na ga abin. Siraran layukan da ake jerawa don a yi duhu, a ƙarƙashin mota, a cikin lungu, a gefen riga: nasa duk sun karkata gefe guda, kamar ruwan sama da iska ke turowa daga hagu. Nawa sun karkata ɗaya gefen. Haka wuyan hannu yake, kowa da inda nasa yake faɗawa. Mai karatu ba zai san sunan abin ba, amma wanda ya ajiye shafi biyu gefe da gefe zai ga ruwan ya canza hanya. Kuma akwai masu ajiye shafukan nan gefe da gefe a wannan makon.

Na gwada da hagu. Kamar kaza ta taka tawada.

Laraba, 15 ga Mayu, da azahar

Ni na kai ambulan, cikin jakar cefane, ƙarƙashin alayyafo. Cyril ya rufe ƙofar ofishinsa, ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Tagwai ya warke ke nan," in ji shi.

"Da sauƙi."

Na nuna masa layukan. Ya sosa gemu, sai ya yi dariya, karo na farko da na ji dariya tun ranar Asabar ɗin can.

"Anti, wannan ai ƙaramin abu ne. Mu juya shi a kwamfuta kamar madubi. Hagu ta koma dama, dama ta koma hagu. Magana kuma in sake buga ta daga baya."

Ya danna, ruwan ya koma zuba ta inda ya saba. Mun bi shafin lungu-lungu. Allon shagon faci ya juye, muka gyara. Lambar keke ta juye, muka gyara. Tsagar gashin wani yaro a kusurwa ma sai da na sa aka duba. Na karanta kowace kalma sau uku, na sa hannu a buga.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

Mama ta kira. Har yanzu yana Legas.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

A tashar keke na gani. Mai jarida ya miƙa wa wani dattijo kwafi da hagu, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, iska ce," duk tashar ta fashe da dariya. Na karɓi ɗaya na juya baya.

Da dama na zana shi yana miƙa hular. Madubi ya mayar da ita hagu.

Tartsatsi ya rusuna, ya ce ranka ya daɗe, ya miƙa wa babban mutum hularsa da hannun da ake kama ruwa da shi. Na duba allo, na duba lamba, na duba gashin yaro. Ban duba abin da ke tsakiyar shafin ba.

Kafin azahar jarida ta ƙare. Hoton shafin ya cika wayoyi. Wani abokin aiki ya shigo yana tafi, wai Tagwai namijin duniya ne, an ce ya gudu ashe wasa wuƙa yake yi. Cyril ya kira, ya ce, "Anti, ni ne na ce a juya." Na ce ni na sa hannu.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Ba labari.

Asabar, da yamma

Yara a layinmu suna miƙa wa juna kwalba da hagu suna cewa iska ce.

Lahadi, 19 ga Mayu, da la'asar

Martha ba ta je coci ba. Ta zo nan, ta ƙi zama.

"Anti, so kike su kashe shi?"

"Kuskure ne, Martha."

"Ke? Ke da kika mayar mana da katin bikinmu maɗaba'a saboda waƙafi ɗaya?"

Na yi mata bayanin madubin. Ta saurara har ƙarshe, tana murza bakin zanenta.

"Shekara huɗu mijina bai taɓa sa Tartsatsi ya miƙa wa babba hagu ba. Ko ɓarawo ne. Shi da aka daka a kan hagu, ya fi kowa kiyayewa. In sun nuna masa shafin nan zai san ba shi da wani hannu a waje sai naki, zai kuma san kin shiga." Ta ja numfashi. "Shi ya zana fuskar nan, na sani, ina tsaye. Amma wa ya ce a cire hular?"

Ta san amsar, tun ba yau ba.

Da za ta tafi ta buɗe tukunyata ta ga babu komai. Ta ɗaura zane ta dafa mini shinkafa, ba ta yi mini magana ba har ta fita.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Wata mota marar lamba ta yini gaban maɗaba'a, in ji Cyril. Ni ban gan ta ba.

Talata, 21 ga Mayu, da la'asar

Baba Dauda ya dawo. Yau ya sha ruwa, har kofi biyu.

Ya ce mai tabon kunnen nan ya ga shafin, kuma abin da ke kan teburinsa a lokacin bai tsira ba. Na rufe ido. Ya ce in bari ya gama.

"Wai tun makon farko suka ba wanda ke hannunsu takarda da biro, suka ce ya zana. Ya zana. Har yau ana gardama akuya ce ko tebur."

Na sa hannu a baki.

"Suka ce da gangan yake yi. Sai ga katifa, suka ce ka gani. Sai ga wannan na Juma'a. Da kin yi abin da kika yi niyya, da sun ce 'yan uwansa ne ke roƙo da hannun aro. Amma hagu? Ba mai ɗan uwa a hannun mutane da zai yi wannan. Sun ce lallai Tagwai na gaske ne, kuma bai damu da ɗan aiken ba."

"To su sake shi, Baba."

"Mai fushi ba ya mayar da kaya yadda ya ɗauko su." Ya juya kofin a hannu. "Tambayarsu yanzu ɗaya ce, wa ke ba shi ambulan. Ya ce a ƙarƙashin ƙofa yake tsinta. Sun tambaya da kyau. Bai canza ba."

Ban tambayi ma'anar "da kyau" ba. Karo na farko a aikina da na bar kalma ta wuce.

A bakin ƙofa ya kama yatsana na tsakiya ya ɗaga, inda tawada ta shiga gefen ƙumba.

"'Yar abokina, lemun tsami da toka. Kafin ki fita."

Laraba, 22 ga Mayu, da azahar

In shafi ya sake ɗaukewa, lissafi ya sake komawa kansa. Na zana, an juya, an buga. Tartsatsi yana facin taya daga farko har ƙarshe, hannu biyu a kan roba. Na ƙirga hannuwan kowa.

Mama ta kira. Ta ce wace irin Legas ce wannan. Ta ce, "Diana, muryarki ba taki ba ce." Na ce mura.

Alhamis, 23 ga Mayu, da hantsi

Wata ta kira lambar da ke jikin hoton cigiya. Ta ce sunanta Nafisa, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a hanyar Rido. Masu zuwa gona sun kawo wani mutum da safe, sun tsince shi a bakin kunyar gona, ba takalmi. Zazzaɓi ya rufe shi, ba ya magana. Fuskar ta kumbura, don haka ba za ta rantse ba, amma dogo ne kuma goshin ya yi kama.

Na tambaya ko akwai rauni. Ta ce hannu ɗaya. Yatsun duka. Ta ce ba faɗuwa ba ce.

"Wane hannu?"

"Hajiya, ai ku zo ku ga ko naku ne tukuna."

"Don Allah, wane hannu?"

"Dama, ina jin. Ina waje ne, a ciki waya ba ta kamawa."

Na ce damarsa, ko damarta in ta tsaya tana fuskantarsa. Layin ya yanke. Na kira, ba ya shiga.

Martha da Cyril sun kama hanya. Baba Dauda ya ce kada a ga ƙafata a Rido, don haka ina nan, waya a kan tebur.

Abin da ke hannu: namiji, dogo, yana numfashi, an karya masa hannu ɗaya. An ce na dama ne. Ba a tabbatar ba.